Amsa kan tabar wiwi a Niyok: mai katin zama ya yi hattara

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙanenka da ke Bronx, wani yanki na birnin Niyok a Amurka, zai shiga matsala idan aka same shi da wiwi, tunda an ce an sassauta doka. Gaskiya ne an sassauta. A 2019 jihar Niyok ta mayar da riƙe 'yar kaɗan abin tara kawai, sannan a ƙarshen Maris 2021 ta halatta wa mai shekara 21 zuwa sama riƙe kimanin giram 85. Sayarwa ba lasisi da tuƙi a buge duk laifi ne har gobe.

Amma inda gizo ke saƙar, dokar tarayya ba ta halatta ba, kuma sha'anin shige da fice nata ne. Tunda ka ce katin zama gare shi, wato izinin zama na dindindin a Amurka, ko amsawa ya yi da bakinsa a gaban jami'i cewa yana sha, hakan na iya hana shi zama ɗan ƙasa, ko ya ba shi wahalar komawa in ya zo gida. Wannan ne ya fi damuna wallahi, don yaranmu da yawa ba su sani ba.

Don Allah ka ja kunnensa, ya ga lauyan shige da fice kafin ya cike kowace takarda.