Amsa: Shin zaɓin da kake yi a The Walking Dead yana canza labarin?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zaɓin yana canza ƙarshen wasan bidiyon The Walking Dead na kamfanin Telltale na 2012. Ƙarshen ɗaya ne. Abin da yake canzawa shi ne wanda zai tsaya maka.

Duba kashi na biyu. Abinci guda 4 ne a hannun Lee, mutumin da kake wasa a matsayinsa, mutane 10 suna jin yunwa. Ka fara ba yara, Clementine da Duck, domin Kenny, mahaifin Duck, yana lura da wanda ya ciyar da ɗansa. Haka a ɗakin sanyi, lokacin da zuciyar wani dattijo, Larry, ta buga: ko ka taimaki 'yarsa Lilly wajen farfaɗo da shi ko ka ƙi, Kenny zai fasa masa kai kafin ya zama zombi. Amma in ka bi bayan Lilly, Kenny zai riƙe ka a rai, kuma a ƙarshen kashi na huɗu yana iya ƙin raka ka neman Clementine bayan ta ɓace.

Inda mutane ke tafka kuskure shi ne son faranta wa kowa. Sai ka tashi ba kowa a bayanka. Lokacin zaɓar amsa a hira gajere ne, in ya ƙare Lee shiru zai yi, shirun ma ana lissafa shi.