Amsa ga mai tambaya kan sunan ɗanta

'Yar'uwa, kin ce surukarki ta ɓata rai don kin kira ɗanki da sunansa na yanka, alhali sunan mahaifin mijinki aka sa masa. Gaskiya ni ina bayanta.

A gidan Bahaushe ba a kama sunan babba gatsau. Ɗan'uwan uwa Kawu ne, ƙanen uba Baffa, 'yar'uwar uba Gwaggo, wa ko ya kuwa Yaya. Mace ma ba ta faɗin sunan mijinta, sai ta ce Malam ko Maigida. Shi ya sa idan aka yi wa dattijo takwara, akan sakaya sunan yaron tun ranar suna, a riƙa ce masa Abba ko Baba, mace kuma Ummi ko Mama. Duk sanda kika kwaɗa wa yaron kira a tsakar gida, sunan mijinta surukarki take ji a bakin matar ɗanta, kuma wannan yana da ciwo, musamman idan ya rasu.

Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa ambaton sunan yayanmu ba, saboda alkunyar ɗan fari.

Ki sami surukarki ki ba ta haƙuri, ki roƙe ta ita da kanta ta zaɓa wa jikanta laƙabi.