In ajiye alli in koma harkar fim?

Tambaya: Malam, ina koyar da Hausa a wata sakandare a Funtuwa, kuma ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar. Burina in zama daraktan wasan daɓe, amma abokaina sun ce in bar koyarwa in tafi Kano harkar fim. Mene ne shawararka?

Amsa: Ƙanena, riƙe allinka da kyau. A arewa kuɗin ƙofa ba ya ciyar da daraktan daɓe, domin gidajen da ake wasa kowane mako ana sayen tikiti ba su da yawa. Albashin koyarwa ne zai riƙe maka gida, makarantar kuma ta riga ta ba ka abin da darakta ya fi wahalar samu: 'yan wasan da za su zo gwaji kullum, da fili, da 'yan kallo. Yazi Dogo, shahararren ɗan wasan kwaikwayon Nijar, malamin makaranta ne a Damagaram kafin sunansa ya zagaye ƙasar Hausa.

Fim kuma sana'a ce daban. Can kyamara ce ke zaɓar wa mai kallo abin da zai gani, in an yi kuskure a yanke a sake. A daɓe kuwa duk aikinka yana cikin makonnin gwaji: wa zai tsaya ina, ta ina zai shigo, yaya muryar yarinya mai kunya za ta kai layin baya ba lasifika. Da an fara wasa, hannunka ya fita.

In kana son ƙarin ilimi, nemi sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Michael Etherton ne ya kafa karatun a 1975, aka kuma gina musu dandalin wasa na ginin ƙasa mai zagaye da ɗakuna irin ginin gargajiya. Daga nan salon wasan wayar da kai ya bunƙasa, hannun malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah. Ɗalibai kan shiga Samaru ko Bomo da ke kusa da jami'ar su zauna da manoma, su saurari kukansu kan taki ko gona ko ruwan sha, sannan a gina wasa tare da su, ba rubutaccen labari. Wani lokaci a tsayar da wasan a tsakiya a tambayi jama'a yadda ya kamata ya ƙare. A ganina wannan ya fi kowane darasin aji koya wa darakta sauraro, kuma shi ne ɓangaren da ƙungiyoyin lafiya da na raya karkara ke biyan kuɗi a kansa har yau. Akwai irin sashen a Bayero da Jos.

Kafin nan, ka shirya wasa ɗaya kowane zango, ka ɗauke shi a waya. Ka kuma sanar da shugaban makaranta da iyayen yara, musamman na 'yan mata, abin da wasan ya ƙunsa tun kafin gwajin farko.