Filin Tambaya da Amsa: Wace kwamfuta ce za ta ɗauki aikin zanen gini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zanen gine-gine na ABU Zariya, zan shiga aji uku. Yanzu manhajar zane ta AutoCAD muke yi, amma an ce manhajojin Revit da Lumion suna tafe. A Beirut Road a Kano an nuna wa yayana kwamfuta biyu kusan kuɗi ɗaya: wata sabuwa siririya mai Core i7 da RAM 8GB, da wata HP ZBook ta hannu mai nauyin tsiya. Ƙawata kuma ta ce in ƙara tari in sayi MacBook. Wacce zan ɗauka? Daga wata ɗaliba, Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mu fara sallamar MacBook. Kwamfuta ce mai kyau, AutoCAD ma yana da na Mac, amma Revit da Lumion 'yan Windows ne. Za ki kashe kuɗi mai yawa, ki koma aron ta ƙawaye ranar miƙa aiki.

Sai siririyar. Wannan takardar Core i7 da aka manna a jikinta ita ke cinye kuɗin ɗalibai. Ki sa yayanki ya karanto miki cikakkiyar lambar firosesar, ki dubi harafin ƙarshe. In U ne, an yi ta ne don ofis da tsimin batir, wutar da take ja wajen wat 15 ce. Mai H tana jan wajen wat 45, kuma an tanadar mata manyan fankoki. Siririyar za ta buɗe AutoCAD, ta zana fulan lafiya lau. Amma ki ɗora mata bene mai hawa huɗu a Revit cikin zafin watan Afrilu, ta ɗau zafi, ta rage wa kanta gudu, kina juya gini yana tafiya da ƙyar. Ga RAM 8GB ya yi kaɗan, 16GB ne mafari, kuma da yawa daga cikin siraran nan an like RAM ɗinsu a jikin allo, ba ya ƙaruwa.

ZBook kuwa don wannan aikin aka ƙera ta, ita da Dell Precision da ThinkPad masu harafin P. Nauyin da kike kuka da shi na fankoki ne da bututun sanyaya ciki. Sai dai ZBook suna suka tara. Ki tambayi zubinta: G3 da G4 sun tsufa, firosesarsu ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. Daga G5 zuwa sama ake magana.

Inda na fi so ki sa ido shi ne katin girafik, don RAM da SSD (ma'ajiyar fayiloli) ana ƙara su daga baya, shi kuwa yadda kika saye shi haka za ki zauna da shi. Mai shago zai ce miki "girafik 8GB ne". Kada ki yi musu. Ki buɗe Task Manager, ki shiga Performance, ki danna GPU. Ki tabbata kin ga sunan NVIDIA, kamfanin da ke ƙera katin, sannan ki karanta layin da aka rubuta Dedicated, shi ne na katin kansa. Wanda aka rubuta Shared aro ne daga RAM ɗinki, kuma shi wasu ke haɗawa su faɗi babbar lamba. Quadro, katin NVIDIA na masu zane, mai 4GB zai riƙe AutoCAD da Revit har ki gama makaranta. Lumion ne mai haɗama. In renda, wato fitar da hoton gini kamar na gaske, za ki riƙa yi sosai, kwamfutar 'yan gem mai katin RTX 3060 da 6GB ta fi tsohon Quadro, ko da fitilunta masu launi sun ba ki kunya a aji.

Tunda ta hannu ce, kada yayanki ya biya a tsaye. Ya zauna da ita rabin awa tana aiki, ya saurari fanka, ya taɓa ƙasanta. Ya shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ya ga ba a kulle shi da lambar sirri ba. Ya karɓi cajarta ta asali. Waɗannan suna son caja mai wat 150 ko fiye, ƙaramar caja kuwa tana sa su rage ƙarfi. Batir kam kada ki sa rai, in NEPA ta ɗauke kina renda, ba zai kai ki ko'ina ba, don haka ki san inda za ki riƙa samun wuta. Bayan hunturu kuma a kai ta a hure mata ƙura.

In ZBook ɗin G5 ce ko sama, da katin NVIDIA, ki ɗauke ta, ki cika RAM zuwa 16GB, ki sa SSD 512GB. In ta gaza haka, ki bar duka biyun a ci gaba da nema. Ki rage ɗan canji na mawus mai taya a tsakiya, da shi ake zuƙowa da jan zane. Manhajar kuma kada ki biya kowa ya sa miki ta sata: Autodesk tana ba ɗalibai lasisin AutoCAD da Revit kyauta na shekara guda, ana sabuntawa, shaidar ɗalibta kawai za ki tura.