Amsa ga mai tambaya kan tsara doguwar tafiya da mota mai ɗakin kwana

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi mota mai ɗakin kwana, takardarta ta nuna tsayin mita 3.3, kana shirin ratsa ƙasashe da ita, kuma kana son sanin ko taswirar waya ta ishe ka. Ba ta isa ba. Na daɗe ina tuƙa irin wannan mota, kuma a wurina tsayinta shi ke zaɓa maka hanya, nisa da saurin isa suna zuwa ne daga baya.

Ka fara da ajiye lambar da ke cikin takarda. Wannan tsayinta ne ranar da ta bar kamfani, kafin a ɗora mata sola, na'urar sanyaya ɗaki, akwatin kaya ko eriya, kafin a sa mata manyan tayoyi. Ka tsayar da ita a wuri mai lebur, ka gitta miƙaƙƙen katako a kan abin da ya fi komai tsayi a rufin, ka auna da tef daga katakon zuwa ƙasa. Ka yi awon tankuna babu komai, domin motar da ba ta da lodi ta fi tashi sama. Abin da ka samu ka ƙara masa santimita 10, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari, a mita da kuma ƙafa da inci. A Amurka allunan gadoji da ƙafa da inci ake rubuta su, a Ingila ma za ka tarar da su, kuma bakin gada, da layin motoci a bayanka, ba wurin lissafi ba ne. Mita 3.4 ya kama ƙafa 11 da inci 2.

Google Maps ba ya tambayar tsayin motarka, yana ɗaukarka mai ƙaramar mota ne, duk inda ya fi sauri nan zai tura ka. Ka nemi manhajar da ake shigar wa tsayi da faɗi da nauyi, irin su Sygic Truck ko OsmAnd, ko na'urar Garmin ta manyan motoci. Su ma kada ka miƙa musu wuya gaba ɗaya. Gadar da ba a shigar da tsayinta a taswira ba, manhaja za ta bi da kai ta ƙarƙashinta ba tare da ta ce uffan ba. Ni kowane dare nakan bi hanyar gobe da hoton tauraron ɗan'adam, ina neman inda titi ya ratsa ƙarƙashin layin dogo, domin a nan gajerun gadoji suka fi yawa. Sai tsofaffin unguwannin birane da ramukan da aka huda a duwatsu. Idan na ga hanyar da tirela da bas ke bi, ita nake ɗauka ko da ta fi nisa. A yawancin ƙasashen Turai iyakar tsayin mota mita 4 ne, saboda haka manyan hanyoyi ba sa ba ka wahala. Matsala tana farawa ne da zarar ka sauka daga kansu. Akwai ma ramin babbar hanyar A86 a gefen Paris wanda motar da ta wuce mita 2 ba ta shiga.

Allon ma ba a rantsuwa da shi. Idan aka sake zuba kwalta, titi ya tashi, ba lallai a canza lambar ba. Idan titin ya nutsa ƙarƙashin gada ya sake haurawa, doguwar mota tana ɗaga tsakiyarta sama da yadda kake zato. Gada mai baka kuma a tsakiya kawai take da cikakken tsayi. A garin Durham na jihar Karolina ta Arewa akwai gadar jirgin ƙasa da a da tsayinta ƙafa 11 da inci 8 ne, wadda ta yi suna wajen yanke rufin motoci duk da alluna da fitilar gargaɗi, har aka ƙara mata inci 8 a 2019. Duk inda tazarar da ke tsakanin rufinka da gada ta gaza santimita 20, abokin tafiyarka ya sauka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, kai kuma ka lallaɓa. Ku shirya alamar hannu ta tsayawa tun kafin ku tashi.

Abin da ya fi ɓata mota ma ba shi da allo ko kaɗan: reshen bishiya, wayar lantarki da ta sauko, rumfar gidan mai, barandar bene a ɗan lungu. Da dare ba ka ganin ko ɗaya, shi ya sa nake tsara yini ya ƙare tun da sauran rana, da wurin kwana biyu a hannu ko na farko ya ƙi. Lokacin da manhaja ta ba ka, ka ƙara masa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsayi yana tafe da rinjaye. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, rufi kuma a bar masa marasa nauyi. Litar ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 150 kilo 150 ke nan, kuma idan rabi ne ruwan yana tangaɗi a kwana. Hanyar da ta karkace gefe ɗaya ta fi hawa mai tsayi haɗari ga motarka. Ranar iska mai ƙarfi ka rage gudu, musamman a kan doguwar gada ko lokacin wuce tirela. Ka hau sikeli da cikakken lodi, domin a Turai lasisin ƙaramar mota yana tsayawa ne a kilo 3,500.

Aljihu ma yana jin tsayin. A manyan hanyoyin Faransa na biyan kuɗi, mota mai mita 3 ko fiye tana shiga aji na 3 tare da motocin kaya, jiragen fito kuma sukan tambayi tsayi da tsawo tun wajen yankan tikiti. Idan tafiyar ta haɗa da tsallake teku, ka sani ƙofar kwantena ta yau da kullum wajen mita 2.3 ce, ta kwantenar da aka ƙara wa tsayin rufi wajen mita 2.6. Taka ba za ta shiga ko ɗaya ba, sai jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita, kuma a nan makullinka yana hannun ma'aikatan tashar ruwa, don haka ka sa ƙofa mai kulle tsakanin wurin direba da ɗakin.

Ka yi awon ka faɗa mana abin da ka samu, da nauyinta da lodi, da ƙasashen da kake son bi, sai mu duba hanyar tare. Allah ya kiyaye hanya.