Murya: amsar tambayar Hajiya kan sikirinshot da ya ƙi fita da kyau a firinta

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da yamma. Hajiya na saurari saƙonki, kin ce kin ɗauki sikirinshot na silif ɗin JAMB na yarinya a laftof, kin tura wa mai firinta ta WhatsApp, da ya buga sai rubutun ya fito dishi-dishi har lambar rajista ba ta karantuwa sosai, kina tambaya ko firintarsa ce ba ta da kyau. To gaskiya da wuya a ce laifin firinta ne. Bari in yi miki bayani a tsanake, sauran jama'a ma su saurara don a shagonmu nan Tudun Wada irin wannan aikin ba ya yanke mana, musamman lokacin rajistar ɗalibai, kuma yana damuna in ga mutum ya biya kuɗi ya tafi da takardar da za a maido masa.

Kin ga allon kwamfuta ɗin nan, duk abin da kike gani a kai ƙananan ɗigo-ɗigo ne da ake ce wa fiksel. Yawancin laftof na hannu da muke amfani da su ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, masu ɗan dama-dama kuma 1920 da 1080. Ita kuwa takardar A4 in ana so bugu ya fita tas, wato ɗigo 300 a kowane inci, tana neman kusan 2480 a kwance da 3508 a tsaye. To kin ga tazarar. Sikirinshot iya abin da ke kan allo yake kwasa, ba ya ƙara komai, in aka ja shi ya cika takarda kamar an ɗauki kunu kofi ɗaya ne an tsuga masa ruwa don ya ishi gida, dole ya tsinke. Sannan kuma kika tura shi a matsayin hoto, shi WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, nan ma ya sake rage masa ƙarfi kafin ma ya isa hannun mai bugawa.

Shi ya sa ni shawarata, duk abin da yake a buɗe a burauza, silif ne, rasit na Remita ne, sakamakon WAEC ne, kar ma a yi masa sikirinshot sam. Ki buɗe shafin a Chrome, ki danne Ctrl ki taɓa P, akwati zai fito, wajen da aka rubuta Destination ki zaɓi Save as PDF. Kafin ki adana ki shiga More settings ki duba girman takarda ya zama A4, don wasu kwamfutocin suna zuwa a kan Letter, wannan awon Amurka ne, ta fi tamu ɗan faɗi amma ba ta kai ta tsawo ba, shi ne za ki ga ƙasan takarda ya yanke ko layi biyu sun tsallaka shafi na biyu. In shafin yana da launi ko tambari a bayan rubutu ki sa alama a Background graphics. Amfanin wannan hanyar shi ne rubutun yana zama rubutu ne a cikin fayil ɗin ba hoto ba, ko sau nawa aka ƙara masa girma ba ya fashewa, ko wace firinta aka kai zai fito garau.

Yanzu akwai abin da dole sai sikirinshot, misali wata manhaja da ba ta da wurin bugawa, ko saƙon matsala da ya fito a allo kana so ka nuna wa mai gyara, ko jadawali. To nan ka fara ƙara girman abin tukuna, Ctrl da alamar tarawa, ya cika allon, sai ka danna maɓallin Windows da Shift da S tare, allon zai ɗan yi duhu, ka ja linzami ka zagaye iya wurin da kake so. Kar ka kwaso allo gaba ɗaya har da agogo da su shafukan da ka buɗe a sama, ɓarnar ɗigo ce kawai. In abin dogo ne gara ka ɗauke shi kashi biyu ko uku a kan ka ƙanƙance shi don ya shiga hoto ɗaya. Wajen adanawa ka bar nau'in fayil ɗin a PNG, shi ya fi riƙe gefen haruffa, JPG na hoton mutane ne da wurare, yana sa wani datti-datti a kewayen rubutu. Wanda ya danna Windows da PrtSc kuma, hotonsa yana can cikin Pictures, foldar Screenshots, ba sai ya yi ta nema ba.

Mayar da shi PDF ba wuya. Tun daga Windows 10 akwai wata firinta ta cikin kwamfuta mai suna Microsoft Print to PDF, ba sai ka sauko da komai ba. Ka zaɓi hotunan duka, ka danna dama, Print, ka zaɓe ta, sai ka cire alamar da ke kan Fit picture to frame in ba haka ba za ta yanke maka gefe. Ko ka zuba su a Word ka jera yadda kake so ka adana a PDF, ni na fi son wannan ma don kana ganin girman da zai fito a takarda. Amma fa a gane, sa hoto mara kyau cikin PDF ba ya gyara shi, yadda ya shiga haka zai fito. Af, masu sa allonsu baƙi, don Allah ku mayar da shi fari kafin ku ɗauka, baƙin shafi yana shan tona, wato tawadar firinta, ba kaɗan ba kuma ba ya daɗin karatu a takarda.

Masu waya ma akwai hanya, a Chrome ɗin Android ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, Share, Print, sai Save as PDF.

Wajen turawa Hajiya ki taɓa alamar maƙala fayil ki zaɓi Document, ba Gallery ba, a haka zai je yadda yake ba a taɓa shi ba. Kuma in takarda ce mai NIN ko BVN ko bayanan banki, ki tsaya a gabanki mai shagon ya goge ta daga wayarsa da kwamfutarsa har cikin Recycle Bin, haƙƙinki ne, mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Ki sa yarinyar ta koma fotal ɗin, wato shafin JAMB, yau ta sake fitar da silif ɗin ta hanyar Ctrl da P ɗin nan, ki buɗe fayil ɗin ki ƙara masa girma ki ga lambar rajista da hotonta sun fito sosai kafin ki biya kuɗin bugu. In wani wuri ya tsaya miki ki ajiye murya a nan, ina kan layi bayan Isha'i in sha Allahu.