Tsabtace sandunan gata-faca kafin cike jijiyar haƙori

Malama, kin tambaya ko za a iya saka sandunan gata-faca, robar nan da ake cike ramin jijiyar haƙori da ita, cikin tukunyar tururi ta kashe ƙwayoyin cuta tare da sauran kayan aiki. A'a. Zafi yana narkar da ita, ta lanƙwashe, ta daina dacewa da ramin. Sai dai sinadari.

Abin da aka fi dogara da shi shi ne a tsoma su cikin sodiyam haifokulorait, sinadarin da ke cikin ruwan bilic, mai ƙarfin kashi 5.25 cikin ɗari, na minti 1. Tun 1975 wani mai bincike, Senia, da abokan aikinsa suka nuna hakan ya wadatar. Bayan nan a ɗauraye da barasar asibiti a busar, domin idan haifokulorait ɗin ya bushe a jikinsu yana barin ƙananan ƙwayoyi kamar gishiri, waɗanda kan hana cikon kamawa sosai. Kada a bar su su kwana a cikin sinadarin.

Wani sinadarin kuma, kulohekzidin kashi 2, yana kashe ƙwayoyin cuta da dama, amma ba ya cin masu ɓoyewa cikin ƙwanso, don haka ni dai ba na fifita shi.

Kuma a ɗauko su da hantsaki mai tsabta, ba da yatsa ba, ko da akwai safar hannu.